Kakar 2015 ta Missouri Tigers: shekarar da 'yan ƙwallo suka sauke shugaban jami'a

Missouri Tigers ita ce ƙungiyar ƙwallon Amurka ta Jami'ar Missouri da ke garin Columbia, a tsakiyar ƙasar Amurka. A kakar 2015 ta buga wasa 12, ta ci 5, aka doke ta a 7. Da sakamakon fili kaɗai ake bi, da tuni an manta da wannan kaka. Ana tunawa da ita ne saboda abin da ya faru daga 7 zuwa 9 ga Nuwamba, lokacin da 'yan wasa baƙar fata suka ce sun ajiye ƙwallo har sai shugaban jami'ar ya sauka. Ba a cika kwana biyu ba ya sauka.

Wasan da kuɗin da ke cikinsa

Matashin da ya saba zama gidan kallo a Kiru ko Tudun Wada domin Arsenal da Barcelona zai tarar da wani wasa dabam. Mutum 11 ne a kowane ɓangare, amma ƙwallon mai siffar ƙwai ce, da hannu ake ɗaukarta ana jefawa, 'yan wasa kuma suna sanye da hular kwano saboda tsananin karo. Wanda ya kai ƙwallo gidan abokan hamayya ya ci maki 6, wanda ya buga ta tsakanin sanduna ya ci 3.

A Amurka jami'o'i ne ke riƙe da babban kaso na wannan wasa. Filin Faurot, gidan Tigers, yana ɗaukar mutum fiye da 70,000 a wancan lokaci. Jami'ar tana cikin gasar SEC, ɗaya daga cikin mafi arziki a ƙasar, inda gidajen talabijin ke zuba miliyoyin daloli kowace shekara. Kocin ƙungiyar, Gary Pinkel, yana ɗaukar kusan dala miliyan 4 a shekara, wato ninkin ba ninkin abin da shugaban jami'ar ke samu. Su kuwa 'yan wasan ba su da albashi. Dokar hukumar NCAA ta lokacin ta taƙaita su ga kuɗin makaranta da masauki da abinci da ɗan abin kashewa. Baƙar fata ba su wuce kashi 7 zuwa 8 cikin ɗari na ɗaliban jami'ar ba, amma su ne kusan rabin ƙungiyar.

Yadda kakar ta tafi a fili

An shiga kakar da kyakkyawan fata, domin ƙungiyar ce ta lashe rukunin gabas na SEC a 2013 da 2014. Ta ci wasanninta uku na farko, ko da yake na ukun da kyar ta sha, 9 da 6 a kan Connecticut. Kentucky ta doke ta 21 da 13. Daga nan aka dakatar da Maty Mauk, jagoran 'yan gaba mai rarraba ƙwallo, saboda saɓa wa dokokin ƙungiya, aka ɗora nauyin a kan Drew Lock, wanda a shekarar ya shigo jami'a. Lock ya ci wasansa na farko 24 da 10 a kan South Carolina, sai kuma al'amura suka dagule. Florida da Georgia da Vanderbilt duk sun doke Tigers, kuma a wasannin uku ba ta kai ƙwallo gidan abokan hamayya ko sau ɗaya ba. Maki 12 kacal ta tara. Ranar 5 ga Nuwamba Mississippi State ta ƙara mata, 31 da 13. Masu tsaron bayanta suna cikin mafi kyau a ƙasar, 'yan gabanta kuwa suna cikin na ƙurya.

Rikicin da ke wajen fili

Asalin rikicin ya girmi 'yan wasan. An kafa jami'ar a 1839, amma sai 1950 ta fara karɓar ɗalibai baƙar fata. Tun a 1938 wani matashi mai suna Lloyd Gaines ya yi nasara a kanta a Kotun Ƙoli kan hana shi karatun lauya, sai ya ɓace a 1939, ba a sake ganinsa ba. A Agustan 2014 kuma ɗan sanda ya harbe Michael Brown a Ferguson, a cikin wannan jiha, tafiyar kamar awa biyu daga Columbia. Wasu daga cikin ɗaliban sun halarci zanga-zangar Ferguson, kuma da abin da suka koya a can suka dawo makaranta.

A Satumban 2015 shugaban ƙungiyar ɗalibai, Payton Head, ya rubuta a Facebook cewa wasu a cikin mota sun bi shi da zagin wariyar launin fata. Ranar 10 ga Oktoba ɗalibai suka tare motar Tim Wolfe, shugaban rukunin jami'o'in jihar guda huɗu, a wajen wani faretin biki. Bai fito ba, bai ce musu uffan ba. Ƙungiyarsu mai suna Concerned Student 1950 ta fitar da buƙatu, ciki har da cire Wolfe da ƙara yawan malamai baƙar fata zuwa kashi 10 cikin ɗari. Ana cikin haka aka tarar an zana tambarin 'yan Nazi da najasa a bangon banɗakin wani masaukin ɗalibai. Ranar 2 ga Nuwamba Jonathan Butler, ɗalibin digiri na biyu, ya shiga yajin cin abinci, ya ce ko dai Wolfe ya sauka ko shi ya rasa ransa. Aka kafa tantuna a tsakiyar makaranta. Wolfe, tsohon jami'in kamfanin IBM da aka ɗauko daga harkar kasuwanci a 2012, ya nemi afuwa kan abin da ya faru a faretin, amma ya ci gaba da zama a kujerarsa.

Kwana biyu

Daren Asabar 7 ga Nuwamba 'yan wasa kimanin 30 suka fitar da hotonsu hannu cikin hannu tare da Butler, suka ce ba atisaye ba wasa sai Wolfe ya tafi. Kashegari Pinkel ya wallafa hoton ƙungiyar da masu horarwa, farare da baƙaƙe, ya ce yana bayan yaransa. Wasa na gaba da Jami'ar Brigham Young ne, ranar 14 ga wata a filin Arrowhead na Kansas City, kuma yarjejeniyar ta tanadi cewa idan Missouri ta fasa za ta biya dala miliyan 1, ban da asarar kuɗin tikiti da na talabijin. Da safiyar Litinin 9 ga wata Wolfe ya yi murabus. Kafin rana ta faɗi shugaban reshen Columbia, R. Bowen Loftin, shi ma ya sanar da sauka. Butler ya ci abinci, 'yan wasa suka koma atisaye.

Mako guda ɗalibi yana kwana da yunwa kujerar ba ta motsa ba, amma da aka taɓa aljihun jami'a ta motsa nan take. Wanda ya zauna gida wata takwas a yajin aikin ASUU na 2022 zai gane inda bambancin yake: a Najeriya ɗalibi da iyayensa ne suka ɗauki asarar, masu yanke hukunci ba su ji a jikinsu ba, a Missouri kuwa asarar kai tsaye ta nufi teburin hukumar gudanarwa, da ranarta da adadinta. Sai dai ba daidai ba ne a ba 'yan ƙwallo dukkan yabon. Kafin su shigo, ɗaliban manyan digiri suna fushi kan janye musu tallafin inshorar lafiya, shugabannin tsangayoyi kuma sun juya wa Loftin baya. Ko a cikin ƙungiyar ba kowa ne ya gamsu ba. Wani ɗan wasa da ya ɓoye sunansa ya shaida wa tashar ESPN cewa da a ce suna cin wasanninsu duka, da ba a yi wannan yaji ba.

An taɓa gwada irin haka, ƙarshen bai zo ɗaya ba. A Oktoban 1969 'yan wasa baƙar fata 14 na Jami'ar Wyoming sun nemi ɗaura baƙin ƙyalle a hannu a wasansu da wannan Brigham Young ɗin, don nuna adawa da yadda cocin da ya mallake ta ke hana baƙar fata limanci. Kocinsu, Lloyd Eaton, ya kore su gaba ɗaya nan take. Sai a 2019 jami'ar ta nemi afuwarsu.

Ƙarshen kaka da abin da ya biyo baya

Ranar 13 ga Nuwamba Pinkel ya sanar da cewa zai ajiye aiki a ƙarshen kaka saboda cutar daji da aka gano yana ɗauke da ita tun watan Mayu. Kashegari Tigers ta doke Brigham Young 20 da 16, nasararta ta ƙarshe ke nan. Tennessee ta ci ta 19 da 8, Arkansas 28 da 3. A gasar SEC wasa ɗaya ta ci cikin takwas, kuma maki 163 ta tara a kakar baki ɗaya. Pinkel ya tafi da nasara 118 cikin shekara 15, mafi yawa a tarihin ƙungiyar, mataimakinsa Barry Odom ya gaje shi. An naɗa Mike Middleton, baƙar fata kuma tsohon ɗalibin jami'ar, shugaban riƙo.

Martanin ya zo da zafi. A Disamba wani ɗan majalisar jiha, Rick Brattin, ya gabatar da ƙudirin ƙwace tallafin karatu daga duk ɗan wasan da ya ƙi yin wasa ba don rashin lafiya ba. Suka ta yi yawa, ya janye. Jaridar New York Times ta ruwaito a 2017 cewa yawan sababbin ɗalibai a Columbia ya ragu da fiye da kashi 35 cikin ɗari a shekara biyu, har aka rufe masaukai bakwai aka soke gurabun aiki sama da 400. Wasu iyaye farare sun guji makarantar don suna ganin hukuma ta miƙa wuya ga masu zanga-zanga, iyaye baƙaƙe kuma sun guje ta don sunan wariya da ya manne mata.

Dokar hana 'yan wasa samun kuɗi ta rushe daga baya, ta hanyar kotuna da majalisun jihohi. Daga Yulin 2021 an ba su damar karɓar kuɗin talla da sunansu, a Yunin 2025 kuma wata kotun tarayya ta amince da sulhun da ya ba kowace jami'a damar raba wa 'yan wasanta kimanin dala miliyan 20.5 a shekara.