Totur Da Ya Ƙi Dawowa

Ranar 28 ga Agusta, 2009, wata mota ƙirar Lexus ta ƙwace wa direbanta kusa da San Diego, a jihar Kalifoniya. Ba ɗan koyo ba ne; jami'in sintirin manyan hanyoyi ne, wanda tuƙi ya zame masa sana'a. Totur ya danne ya ƙi dawowa, birki ya gaza. Shi da matarsa da 'yarsa da ɗan'uwan matar, babu wanda ya tsira.

Bincike ya gano cewa shimfiɗar roba ta ƙarƙashin ƙafa, wadda ma ba ta wannan motar ba ce, ita ta tokare totur. Toyota, mai ƙera Lexus, ya kira motoci kusan miliyan 3.8 domin gyara. A Janairun 2010 ya ƙara miliyan 2.3, wannan karon saboda totur ɗin kansa, wanda kan cije idan ya sha aiki. Jama'a dai kwamfutar injin suka fi zargi, domin abin da ido bai gani shi ya fi ban tsoro. Injiniyoyin NASA suka tona ta, a Fabrairun 2011 suka ce ba su sami laifinta ba.

Akio Toyoda, jikan wanda ya kafa kamfanin, ya riga ya ba da haƙuri a gaban Majalisar Dokokin Amurka tun Fabrairun 2010. Haƙurin bai kashe maganar ba. A Maris na 2014 kamfanin ya amince da tarar dala biliyan 1.2, bayan ya amsa cewa ya san matsalar totur, ya ɓoye wa hukuma da masu sayen motocinsa.