Yadda Aka Kai Tseren Mota cikin Dare

Bisa ga al'adar da muka gada, sukuwa sha'anin la'asar ne, domin da zarar ladan ya kira magariba mahaya kan juya linzami su nufi gida. Haka nan a ƙasar Turai galibi da rana tsaka aka riƙa yin tseren mota, amma a shekarar 1923 Faransawa suka ƙago tsere na sa'a 24 a Le Mans, inda dare ya zama wajibi, direba kuwa ba shi da madogara face fitilun motarsa, in ban da 'yan kwanoni masu hatsari da aka haskaka.

Wanda duk ya taɓa bin hanyar Gidan Waya zuwa Kafanchan bayan lisha, tirela ta taho ta dalle masa ido har ya rasa inda bakin kwalta yake, to, ya riga ya fahimci asalin mas'alar, wato haske da kansa yana iya zama musiba idan bai san inda zai sauka ba. Balle ga mutumin da ke shafe kilomita 300 cikin sa'a guda, wanda ƙiftawar ido ɗaya ta isa ta zama ajalinsa. Saboda haka da kamfanin Musco ya haskaka filin Charlotte na Amurka a 1992, sai ya yi hikimar kafa madubai waɗanda ke karɓar hasken su shimfiɗa shi bisa hanya, ba tare da ya doki idon direba ba.

Shekarar 2008 ce ta buɗe ƙofa baki ɗaya. A watan Maris aka yi tseren babura da dare a Lusail ta ƙasar Katar, sa'an nan ran 28 ga Satumba Singafo ta biyo da motocin Formula 1, bayan injiniyoyin Italiya sun jera fitilu wajen 1,500 a saman titunan birnin, kusa da juna ƙwarai, ta yadda in ɗaya ta mutu maƙwabtanta za su rufa mata asiri, kuma dukkansu janaretoci ke ba su wuta, kowane da mataimakinsa a gefe. Hakika zafin rana yana cikin dalilai, amma a ganina babban sababi fatauci ne, gama ƙarfe 8 na dare a Singafo ta yi daidai da azahar a Turai, ƙarfe 1 ke nan a Kafanchan, lokacin da masu kallon talabijin suka fi yawa.

Duk da wannan ijtihadi akwai abin da ya gagara. A 2009 ruwan sama ya sauka a Lusail, jiƙaƙƙiyar kwalta ta riƙa mayar da hasken cikin idanun mahaya, ala tilas aka ɗage babban tseren daga Lahadi zuwa daren Litinin.