Shin Da Gaske Daga Nan Malesiya Ta Ɗauki Irin Kwakwar Manja?



Waɗanda suka samu zuwa ziyarar da ƙungiya ta shirya ranar Asabar sun san gardamar da ta kaure a mota a kan hanyarmu ta dawowa. Shugaba ya ce mu rubuta abin da muka gani da abin da muka bincika daga baya, domin waɗanda kasuwa ta riƙe su ma su amfana kafin taron ƙarshen wata. To ga shi, a yi haƙuri da tsawonsa.

Mu goma sha huɗu ne muka je cibiyar binciken kwakwar manja ta ƙasa, wato NIFOR, a kan hanyar Akure, tafiyar kusan kilomita 30 daga cikin garin Benin. Wasu daga cikinmu son itatuwa kawai ya kai su, wasu kuma maganar gonar da ƙungiya ke shirin yi. Abin kunya ne amma gaskiya ce: da yawanmu mun shekara ashirin muna ɗura manja a jarka muna lodawa zuwa Kano da Gusau da Sakkwato, ba mu taɓa tsayawa a gindin itaciyar mun tambayi yadda take ba.

Akwai tsofaffin itatuwa a wurin da sai ka ɗaga kai har hula ta nemi faɗuwa kafin ka hangi 'ya'yansu. An nuna mana wadda 'ya'yanta kore ne kafin su nuna, ba baƙaƙe ba kamar yadda muka saba gani. An nuna mana wata da ganyenta ba ya tsagewa, a haɗe yake kamar mahuci, wadda a wasu garuruwan kudu ake girmama ta ana shuka ta kusa da wuraren tsafi. Mun ga tukurwa a fadama, wadda muke sanin gwangwalarta a rufin ɗaki, da gajeriyar kwakwar Attagara da mutum zai iya tsinka yana tsaye. Wani malami daga cikinmu ya tuna mana cewa Attagara ɗin nan garin Idah ne da ke bakin Kwara, alamar ta can kakanninmu fatake suka fara sanin ta. Baba, dattijonmu mai sayar da goro, ya zagaya ya zagaya, ya ce shi fa bai ga giginya ba, bai ga goriba ba. Aka gaya masa aikin dabino kam a reshen cibiyar da ke Dutse ta jihar Jigawa ake yin sa. Ya ce to Alhamdu lillahi, ba a manta da mu ba.

A mota ne wani matashi ya kawo maganar da kowa ya sha ji: wai 'yan Malesiya sun zo wannan wuri bayan samun 'yanci, suka roƙi iri, aka ba su, yau ga shi sun fi mu. Baba ya girgiza kai ya ce, "Inuwar giginya, na nesa ka sha." Wasu suka ce sata ce aka yi mana, wasu suka ce sakacinmu ne. Da muka zauna muka bi tarihin, sai muka tarar labarin ya fi haka tsawo, kuma ba a nan ya fara ba.

Kwakwar manja 'yar Afirka ce, wannan babu gardama. Bayan Ingila ta haramta cinikin bayi a 1807, jiragen da suka saba zuwa ɗaukar mutane suka koma ɗaukar manja zuwa Liverpool, garin da yaranmu suka sani da ƙwallo kawai. Da shi ake yin sabulu da kyandir, da shi ake shafa wa injuna. Cinikin ya yi ƙarfi har Turawa suka sa wa yankin bakin teku sunan Kogunan Mai, kuma man da ake nufi a lokacin manja ne, ba fetur ba. A kan wannan ciniki ne suka kama Jaja na Opobo a 1887 suka fitar da shi daga ƙasarsa, ya rasu a 1891 a hanyar dawowa. A kansa ne kuma suka yaƙi Nana na Itsekiri a 1894, a nan kusa da mu. Duk wannan man daga itatuwan daji da na bayan gida yake fitowa. Namiji ya hau ya saro, mata su dafa su kirɓa a turmi su tace. Babu wanda ya jera su layi-layi a gona.

Ana cikin haka, a 1848, aka kai 'yan tsire huɗu wani lambun gwamnati a tsibirin Jawa da ke ƙarƙashin Turawan Holan, a garin da yanzu ake kira Bogor a Indonesiya. Biyu sun biyo ta lambun Amsterdam, biyu ta tsibiran tekun Indiya. Guda huɗu tak. Ba don mai aka kai su ba, an shuka su ne a matsayin baƙin itatuwa na kallo, kamar waɗanda muka je kallo ranar Asabar. Ma'aikatan lambun suka kula da su, suka rubuta lokacin da suka fara haihuwa, suka riƙa raba 'ya'yansu. Daga nan aka riƙa shuka su don ado a bakin hanyoyin gonakin taba a yankin Deli na tsibirin Sumatra.

Shekara 63 suna matsayin kayan ado. Sai wani mutumin Beljiyam mai suna Adrien Hallet, wanda ya san kwakwa a Kwango, ya lura cewa waɗannan na bakin hanya sun fi na Afirka da ya sani tsoka. A 1911 ya buɗe gona ta farko ta kasuwanci a Sumatra. A 1917 wani Bafaranshe, Henri Fauconnier, ya buɗe tasa a Tennamaram cikin jihar Selangor ta Malaya, da irin da ya samo daga wajen Hallet. A lura da shekarar nan da kyau. Saura shekara 22 a kafa cibiyar da muka ziyarta, saura shekara 43 Najeriya ta samu 'yanci.

Me ya hana a yi irin waɗannan manyan gonaki a nan tun lokacin? An nema. William Lever, mai kamfanin sabulun Sunlight, ya nemi a ba shi ƙasa mai yawa a Afirka ta Yamma, gwamnatin mulkin mallaka ta hana shi, ya juya zuwa Kwango ta Beljiyam a 1911. Da ya sake dawowa da maganar bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, Gwamna Hugh Clifford ya tsaya kai da fata cewa ƙasa ta kasance a hannun masu ita. Clifford kuwa ya yi shekaru yana aiki a Malaya kafin ya zo nan, ya san yadda irin gonakin suke. Mu dai ba za mu yi saurin zagin wannan hukunci ba. Wanda ya karanta wahalar aikin tilas da mutanen Kwango suka sha a gonakin Lever zai fahimci abin da aka tsallake. Da an ba shi, wataƙila maƙwabtanmu da muke sayen manja a hannunsu yau ba su da gonar gado. Amma ya bar mu da tambayar da har yau ba a gama amsawa ba: yaya ƙaramin manomi zai samu iri mai kyau da injin matsa mai kyau?

Don amsa ta ne aka kafa tashar bincike a nan kusa da Benin a 1939. A 1951 ta zama ta Afirka ta Yamma, tana yi wa Najeriya da Gana da Saliyo aiki, a 1964 ta koma NIFOR.

A tsakanin nan aka gano abin da ya sauya noman gaba ɗaya, kuma shi ne abin da ya fi burge mu a ziyarar. Ma'aikacin da ya zagaya da mu ya sa wuƙa ya yanka 'ya'ya uku. Na farko ƙwallonsa na da kaurin ɓawo, tsokar kaɗan, sunansa dura, shi ne yawancin na daji. Na biyu ba shi da ɓawo sam, sunansa pisifera, amma itaciyarsa yawanci ba ta riƙe 'ya'ya, suna lalacewa kafin su nuna. Na uku ɓawonsa siriri, tsoka cike, shi ne tenera. Masu bincike a Yangambi ta Kwango ne suka bayyana a 1941 cewa tenera ba wani iri ne na daban ba, ɗa ne da ake samu idan aka ɗauki garin furen pisifera aka barbari dura. Man da yake bayarwa ya fi na dura da kusan kashi 30 cikin 100. Wannan ilimi a Afirka aka same shi, kowa kuma ya ji shi lokaci ɗaya. Malesiya ta ɗauka ta shuka shi a dubban kadada, ta kafa hukumar FELDA a 1956 wadda ta riƙa zaunar da talakawa marasa ƙasa tana ba su gona da iri da masana'antar matsa a kusa. A 1966 ta wuce Najeriya wajen fitar da manja.

To ina gaskiyar maganar matashinmu? Akwai ta. A 1973 masu bincike daga Malesiya sun zo, suka haɗa kai da NIFOR, suka zagaya kudancin ƙasar nan suna tattara iri daga itatuwan daji, aka raba tsakanin ɓangarorin biyu. Ba sata ba ce, kuma ba farkon nomansu ba ne, sun riga sun wuce mu da shekara bakwai. Dalilin zuwansu shi ne tsoro. Iyayen gonakinsu kusan duk jikokin itatuwa huɗun nan ne na Bogor, dangi ɗaya, cuta ɗaya za ta iya kwantar da su. Suna neman sabon jini, kuma a dazukanmu yake. Ba su tsaya nan ba. A 1981 suka ɗauko wani ɗan ƙwaro daga Kamaru, dangin wanda ke cin hatsi a rumbu, wanda ke kai garin fure daga namijin fure zuwa macen. Kafin nan leburori suke biya suna yin barbarar da hannu. Mu ƙwaron nan yana nan a bayan gidajenmu tun fil azal, ba mu san yana yi mana aiki ba.

Abin da ya faru a ɓangarenmu kuwa, duk ɗan Arewa ya san irinsa. Hukumomin sayen amfanin gona suka riƙa biyan manomi ƙasa da farashin duniya suna riƙe ragowar, manomi ya ga babu ribar sake dashe. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya faɗa a tsakiyar ƙasar kwakwa. Daga nan kuɗin fetur ya shigo, hankali ya koma can. A shekarun nan ne dalar gyaɗa ta ɓace a Kano, ciwon ɗaya ne. Kafin a rushe hukumomin a 1986 an riga an yi nisa. Yau Indonesiya da Malesiya ke samar da fiye da kashi 80 cikin 100 na manjan duniya. Indonesiya kaɗai na yin sama da tan miliyan 40 a shekara, mu muna wajen miliyan ɗaya da rabi, ba ya ma isar mu ci, sai an shigo da ƙari.

Yanzu maganar gonarmu, wadda saboda ita Shugaba ya matsa a yi wannan rubutu. An kawo shawara a taron da ya wuce cewa mu sayi dashe a wajen masu sayarwa a bakin titi, tunda kuɗinsu bai kai rabin na cibiya ba, kuma sun rantse tenera ne. Mai yiwuwa ba ƙarya suke yi ba, a gindin tenera suka tsinto ƙwallayen. Matsalar ita ce tenera ba ta haifar kanta daidai. Idan aka shuka 'ya'yanta ɗari da aka samu tsakanin tenera da tenera, kusan 50 ne za su fito tenera, 25 su koma dura, 25 su zama pisifera marasa amfani. Kuma babu mai iya bambance su a leda, ganyensu iri ɗaya ne. Sai bayan shekara uku ko huɗu, an gama share daji, an biya leburori, an zuba taki, sannan gaskiya za ta fito. Kadada ɗaya tana cin itace 143 idan an bar mita 9 tsakani. Ke nan wajen 36 za su tsaya suna shan taki ba 'ya'ya, wasu 36 suna ba da man da bai kai na tenera ba, a gonar da ake sa ran ci shekara 25. Cikin kuɗin nan akwai adashen matanmu, akwai na marayun marigayi tsohon ma'ajinmu da aka ba mu amana.

Ra'ayinmu a ofishin sakatare shi ne mu rage girman gonar a shekarar farko, mu sayi irin da aka haɗa da hannu daga inda za a ba mu takardar shaida, mu buɗe littafi mu rubuta kowane layi da ranar dasa shi da inda ya fito. Ma'aji yana ganin hakan zai ja mu shekara biyu kafin mu cika filin, kuma masu ƙasar za su iya cewa mun bar ta a banza. Maganarsa abin dubawa ce, shi ya sa ba mu yanke komai ba.

Baba ma ya kawo tasa. Ya ce idan za a buɗe littafi, a ware kusurwa ɗaya a gwada giginya ko da guda huɗu, tunda a garinsu an sare manyan an yi azara, yara sun tone muruci sun cinye, babu mai shuka sabuwa. Aka ce masa giginya tana daɗewa ƙwarai kafin ta haihu, ba lalle ya ga 'ya'yanta ba. Ya ce ya sani, ƙwallayen ma suna cikin buhu a shagonsa tun zuwansa gida da Sallah.

Taro yana nan ranar Lahadin ƙarshen wata bayan sallar La'asar, a inda aka saba. Wanda yake da kuɗi a asusun gona ya daure ya zo da kansa, kada ya aiko. Za mu zo da 'ya'yan kwakwar guda uku da wuƙa, kowa ya gani da idonsa.

Allah Ya sa mu dace.

Sakatare