Tarihin Shuɗin Allo: Me Ya Sa Windows Ke Tsayawa Cak Ana Tsakiyar Aiki?



In dai ka taɓa zama gaban kwamfuta mai Windows, a ofis, a kafe ko a gida, da wuya a ce ba ka san shi ba. Kana cikin taifin ɗin furojet ko cike fom, sai kawai allo ya koma shuɗi, wasu rubuce-rubucen Turanci su bayyana, kwamfuta ta kashe kanta ta sake tashi. Abin da ba ka yi sebin ba ya tafi. Turawa sun laƙaba masa suna Blue Screen of Death, wato shuɗin allon mutuwa, kuma tsoron sunan kaɗai ya sa mutane da yawa sun ruga wajen mai gyara, shi kuma ya ce sai an yi fomatin, a share hotuna da takardun shekaru a kan matsalar da wataƙila minti goma za ta ci. Yau tarihinsa za mu bi, domin wanda ya san inda allon nan ya samo asali ya san yadda ake karanta shi.

Mu fara da gyara wani labari da ya yaɗu. Za ka ji ana cewa Steve Ballmer, wanda daga baya ya shugabanci Microsoft, shi ya ƙirƙiro shuɗin allo. Abin da ya faru ya ɗan bambanta. A Windows 3.1, wadda ta fito a 1992, idan wata manhaja ta ƙage sai ka danna Ctrl+Alt+Del, wani allo shuɗi ya fito ya tambaye ka ko kana son rufe ta. Raymond Chen, daɗaɗɗen injiniya a Microsoft, ya ba da labarin cewa Ballmer bai ji daɗin kalmomin da ke kan wannan allon ba, sai aka ce to ya rubuta nasa, ya kuwa rubuta. Iyakar hannunsa ke nan. Wancan allon tambaya ce kawai. Idan Windows 3.1 ta faɗi da gaske, baƙin allon DOS take jefa ka.

Shuɗin allon da muka gada ya zo ne da Windows NT 3.1 a 1993. NT babbar manhaja ce da aka gina tun daga tushe don kamfanoni da sabobi, ƙarƙashin jagorancin Dave Cutler, wanda Microsoft ta ɗauko daga kamfanin DEC a 1988. Wanda ya rubuta allon shi ne John Vert. Me ya sa shuɗi? Ba wani binciken ilimin launi aka yi ba. Na'urar da yake aiki da ita tana tashi da farin rubutu a kan shuɗi, manhajar da yake rubuta kod a cikinta ma haka, sai ya bi abin da idonsa ya saba.

Abin da ya fi launin muhimmanci shi ne dalilin tsayawar. Kowace babbar manhaja tana da zuciya, wadda ake kira kanel. Ita ke raba RAM, ita ke ba kowace manhaja lokacinta a kan furosesa, ita ke rubutu a faifan ajiya. Manhajoji irin su Word da Chrome a tsakar gida suke zaune: in ɗayansu ta haukace, kanel ta kore ta waje, sauran gida lafiya lau. Amma akwai waɗanda ake bari su shiga har ƙuryar ɗaki, su ne direbobi. Direba a nan ƙaramar manhaja ce mai tafinta tsakanin Windows da wata na'ura, kamar firinta, katin hoto, Wi-Fi ko modem. Yawancinsu ba Microsoft ke rubuta su ba, kamfanin da ya ƙera na'urar ne. To idan direba ya taɓa wurin da bai kamata ba a cikin RAM, kanel ba ta da tabbacin me ya lalace da me ya tsira. In ta ci gaba a haka, tana iya kwasar shirme ta rubuta a kan fayilolinka masu kyau. Sai ta zaɓi tsayawa nan take. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Wayarka ma haka take yi, ba ta dai gaya maka ne. Android a kan kanel ɗin Linux take zaune, kuma duk ranar da ka ga waya ta ɗauke ta sake kunna kanta ba tare da ka taɓa ta ba, sau da yawa irin wannan tsayawar ce ta faru a ɓoye.

Su kuwa masu kwamfutar gida, a shekarun 1990 ba NT suke amfani da ita ba. Windows 95, wadda ta fito ranar 24 ga Agusta 1995, da ƙanwarta Windows 98, suna da nasu shuɗin allon, kuma nasu ya fi yawan fitowa. Ko faifan CD ka zare ana cikin karanta shi, shuɗi za ka gani. Abin dariyar shi ne yana ba ka dama ka danna kowane maɓalli ka ci gaba, kamar a ce maka tayar mota ta yi faci amma in kana so ka ƙara wuta. Wani lokaci a tsira, wani lokaci kwamfutar ta ƙara rikicewa. Akwai ma wani kuskure a cikinsu wanda ke sa kwamfuta ta sandare idan ta yi kwana 49.7 a kunne, saboda ma'aunin da ke ƙirga lokaci ya cika ya koma sifili. Sai a 1999 Microsoft ta sanar da shi, kuma masu zolaya suka ce an daɗe ba a gano ba ne don ba a samun mai kai wa kwana 49 ba ta faɗi ba.

Ranar da allon nan ya yi suna a duniya ita ce 20 ga Afrilu 1998, a taron baje kolin COMDEX a birnin Chicago. Bill Gates na tsaye a kan dandali, ma'aikacinsa Chris Capossela na nuna wa jama'a yadda Windows 98 ke gane sabuwar na'ura da kanta. Ya jona sikana ta USB, ya fara bayani, sai ga shuɗin allo a gaban dubban mutane da kyamarori. Zaure ya ɓarke da dariya da tafi. Gates ya mayar da abin raha, ya ce ai shi ya sa ba su fitar da ita kasuwa ba tukuna. Lura da abin da ya jawo faɗuwar: sabuwar na'ura da direbanta. Ka riƙe wannan, za mu sake haɗuwa da shi.

A watan Oktoba 2001 Windows XP ta kawo tsarin NT cikin gidaje, faɗuwa ta ragu sosai. Sai dai ta zo da wata ɗabi'a da har yau take wahalar da mutane: da zarar allon ya fito, kwamfuta ta sake tashi da kanta kafin ka karanta ko layi ɗaya. Amma XP ɗin ce kuma ta fara aika rahoton faɗuwa zuwa Microsoft, kuma daga tarin rahotannin nan aka fara ganin hoton gaskiya. Alƙaluman da Microsoft ta wallafa a shafinta na masu gyara sun ce kashi 70 cikin ɗari na shuɗin allo direbobin wasu kamfanoni ne ke jawo shi, kashi 10 matsalar kayan ƙarfe ce, kashi 5 kuskuren Microsoft ne, sauran 15 kuma RAM ta dagule har ba a iya gane mai laifi. Ka ga ke nan kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kodayake ni dai ban wanke Microsoft tas ba, tunda ita ta buɗe wa baƙi ƙofar ƙuryar.

Windows Vista, wadda kowa ke zagi, ita ta fara rage faɗin wannan ƙofa. A farkonta ta sha wuya: takardun da suka fito a wata shari'a a Amurka sun nuna direbobin Nvidia kaɗai sun jawo kusan kashi 29 cikin ɗari na faɗuwar Vista da aka tattara a 2007. Amma a Vista ɗin aka fitar da babban ɓangaren direban hoto daga cikin kanel, aka kuma sa dokar cewa a nau'in 64-bit dole direba ya zo da sa hannun da ke nuna wanda ya yi shi. Shi ya sa yau wani lokaci za ka ga allo ya yi baƙi na daƙiƙa biyu ya dawo. Direban hoto ne ya suma aka yayyafa masa ruwa. A zamanin XP wannan shuɗin allo ne kai tsaye.

Daga nan sauye-sauyen na kwalliya ne. Windows 8 a 2012 ta share yawancin rubutun ta sa fuskar baƙin ciki, Windows 10 kuma ta ƙara lambar QR a 2016 don ka ɗauka da waya.

Sai ranar Juma'a, 19 ga Yuli 2024. CrowdStrike kamfanin tsaro ne na Amurka, manhajarsa mai suna Falcon tana kare kwamfutocin manyan kamfanoni daga masu kutse, kuma don ta ga komai, a cikin kanel take zaune. Da ƙarfe 5:09 na asuba agogon Najeriya da Nijar, kamfanin ya tura wani ƙaramin fayil na sabuntawa. Direban yana sa ran karanta bayanai 21, alhali 20 aka tanadar masa. Da ya miƙa hannu neman na 21, sai ya taɓa inda ba nasa ba, kanel ta ja birki. Kwamfuta ta sake tashi, direban ya sake lodawa, ya sake karanta fayil ɗin, ta sake faɗuwa, haka dai ba iyaka. Cikin minti 78 kamfanin ya janye fayil ɗin, amma aikin gama ya gama. Microsoft ta ƙiyasta na'urori miliyan 8.5 abin ya shafa, ƙasa da kashi ɗaya cikin ɗari na kwamfutocin Windows, sai dai su ne na filayen jirgi, asibitoci, bankuna da gidajen talabijin. Tashar Sky News ta Birtaniya ta ɗauke, asibitoci suka ɗage tiyata, kamfanin jiragen Delta kaɗai ya soke tashi kusan 7,000 ya ce ya yi asarar dala miliyan 500.

Ka san maganin? Safe Mode, yanayin da Windows ke tashi da direbobin dole kawai, wanda yake nan tun Windows 95. Ma'aikata suka riƙa bin kwamfutoci ɗaya bayan ɗaya, su shiga Safe Mode, su goge fayil guda wanda sunansa ya fara da C-00000291, su sake kunnawa. Wahalar ta fi yawa a inda aka kulle faifan ajiya da BitLocker, domin sai an nemo mabuɗin lambobi 48 kafin a shiga, wasu kuma sabar da suka ajiye mabuɗan ita ma ta faɗi. Gyaran bai buƙaci fomatin ba.

To kai fa, in naka ya fito gobe? Kafin komai, ɗauki wayarka ka yi wa allon hoto. Abu biyu kake nema a ƙasa: kalmomin manyan baƙaƙe da ake kira stop code, da sunan fayil mai ƙarewa da .sys idan ya fito. Misali nvlddmkm.sys direban hoton Nvidia ne. MEMORY_MANAGEMENT yakan nuna RAM, sai ka rubuta mdsched a wurin bincike ka gwada ta, ko a zare ta a goge bakinta a mayar. INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE na nufin Windows ta kasa kai wa ga faifan da take ciki. WHEA_UNCORRECTABLE_ERROR kuwa kayan ƙarfe ne ke kuka, sau da yawa zafi ko wutar da ba ta daidaita ba, kuma mu da ke fama da ƙurar hunturu da zafin bazara da wutar janareto mun fi kowa haɗuwa da shi. Laftof ɗin da fankarta ta toshe da ƙura, ko sau goma aka yi mata fomatin za ta sake faɗuwa.

Sannan ka tambayi kanka tambayar COMDEX: me na jona, ko me na sa, kafin abin ya fara? Sabon firinta, modem, antibairos, manhajar da aka kwafo maka a filash? Cire shi tukuna. In kwamfutar ba ta bari ka shiga, kashe ta da maɓalli tana tsakiyar tashi sau biyu zuwa uku, za ta kai ka allon gyara, daga nan ka bi Troubleshoot, Advanced options, Startup Settings ka zaɓi Safe Mode. In ta zauna lafiya a can, akwai kyakkyawan zaton direba ne ko wata manhaja. Kuma ko za ka kai wa mai gyara, kwashe fayilolinka daga nan Safe Mode ɗin kafin ka fita gida.

Bayan abin da ya faru a 2024, Microsoft ta fara aikin samar wa kamfanonin tsaro hanyar yin aikinsu daga wajen kanel, ta kuma ƙara wani tsari mai suna Quick Machine Recovery, wanda ke sa kwamfutar da ta kasa tashi ta hau intanet ta nemo gyara da kanta. A 2025 kuma, a Windows 11 nau'in 24H2, aka canza allon ya koma baƙi, aka cire fuskar baƙin cikin da lambar QR. Saboda haka in sabuwar kwamfutarka ta nuna baƙin allo da ɗan rubutu a tsakiya, kada ka ɗauka sabuntawa take yi. Duba can ƙasa, stop code da sunan direban suna nan, kuma daƙiƙu kaɗan gare ka kafin su ɓace.