Daga Zauren Mai Unguwa Zuwa Kwalbar Fitsari

Lokacin da na fara aikin tantance waɗanda za a ba amanar sirrin gwamnati, a farkon shekarun 1980, kayan aikina babur ne da ɗan littafi. A miƙo maka fayil, ka shiga birnin Zariya ta Ƙofar Doka, ka nemi zauren mai unguwa. Sunan hukumarmu NSO a lokacin, wadda aka kafa a 1976 bayan kisan Janar Murtala. Da Babangida ya raba ta uku a 1986, sai muka faɗa ɓangaren da jama'a ke kira farin kaya.

Wiwi ce dodon wancan zamani. Dokar soja ta 1966 ta yanka wa mai zuƙarta shekara goma, kuma ko da aka sassauta a 1975, tsoron bai bar zukata ba. Don haka babu dattijon Zazzau da zai buɗe baki ya ce maka ɗan wane ɗan wiwi ne. Sai dai ka ji, "Yaron kirki ne, sai dai abokai." Daga nan ka wuce teburin mai shayi, can ake ƙarasa zancen.

Ba na mantawa da wani matashi mai neman aikin akawu. Bayan na kwashi gaisuwa wurin mai unguwarsu na ce, "Ranka ya daɗe, yaya halinsa?" Mai unguwa ya daɗe yana jan carbi kafin ya ce, "Ɗana, ya taɓa. Amma shekara uku ke nan ban riga shi sahun asuba ba." Da na zauna da yaron, tun ban gama tambaya ba ya sunkuyar da kai ya faɗi komai. Na rubuta a ɗauke shi. Da musu ya yi, da na rufe fayil ɗin, domin abin da muke gudu shi ne mai ɓoyo: duk wanda ya san asirinsa ya riƙe masa akala.

An kafa hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA a 1989, kayan maye kuma suka sake kama. Wiwi tana da wari, ido yana ja. Benelin da tiramol kuwa, budurwa za ta sha a ƙuryar ɗaki, mai unguwa bai da labari. Kafin a hana maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018, shaidar unguwa ta riga ta raunana, wani bincike na shekarar 2018 kuma ya nuna masu shaye-shaye a Najeriya sun kai miliyan 14.3. Tun da Buba Marwa, tsohon ɗalibin makarantar soja ta Zariya, ya karɓi hukumar a 2021, yake ta kiran a riƙa gwajin ƙwaya kafin a ɗauki mutum aiki.

Ban ƙi gwajin ba, amma kwalba ba ta ganin abin da ya wuce 'yan kwanaki, ko makonni in wiwi ce. Yaro zai ɗaga ƙafa wata guda, ya ɗirki ruwa, ya fito fes. A Amurka takardar tantancewa tana tambayar shekara bakwai baya, a duba yaushe ka daina, da wa kake yawo yanzu. Kusan tambayoyin da nake yi a zaure ke nan.

Kwanan baya na bi ta ƙarƙashin gadar Ƙofar Doka na leƙa zauren nan. An mai da shi shagon cajin waya.