Yarinyar da Holiwud Ta Ƙi Bari da Rai

A watan Afrilun 1954 ne William March, mutumin Alabama kuma tsohon sojan Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya fitar da littafinsa The Bad Seed. Bai ci moriyarsa ba. Wata guda bayan fitowarsa ciwon zuciya ya yi ajalinsa a New Orleans.

Tauraruwar labarin, Rhoda Penmark, shekararta takwas. Tsaf-tsaf take, ga ladabi, irin yarinyar da maƙwabta ke yi wa 'ya'yansu kwatance da ita. Ita ce ta hallaka ɗan ajinsu, Claude Daigle, a ruwa, don kawai ya ci lambar iya rubutu da take ganin tata ce. Da Leroy mai aikin gidan ya fara gano bakin zaren, sai ta cinna masa wuta.

Ni dai ba kisan ne ya fi tayar min da hankali ba. Uwar ce, Christine. Garin bincike ta gano cewa ita kanta riƙonta aka yi, kuma mahaifiyarta ta asali, Bessie Denker, ƙasurgumar makashiya ce. A zamanin da masana a Amurka ke ɗora lalacewar yara kan tarbiyya da talauci, March ya ce a jini abin yake: barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ban yarda da shi ba, amma ya iya tsorata iyaye.

Littafin ya karɓu. Ya shiga jerin 'yan takarar National Book Award na 1955, Maxwell Anderson ya mayar da shi wasan dandamali a Broadway tun Disambar 1954, Nancy Kelly kuma ta ci lambar Tony da fitowa a matsayin uwar.

Sai fim ɗin Mervyn LeRoy na 1956. A littafi, Christine ta ɗura wa 'yarta ƙwayoyin barci ta harbe kanta. Ita ta mutu, Rhoda ta tashi garau. Dokar tace finafinai ta lokacin kuwa ba ta yarda mai laifi ya sha ba. Saboda haka aka raya uwar, aka saukar wa yarinyar da aradu. Wannan ma bai ishe su ba: bayan an gama, 'yan wasa suka fito gaisuwa ɗaya bayan ɗaya, Nancy Kelly, wadda ta sake fitowa a matsayin uwar, ta kifa Patty McCormack, wadda ta fito a matsayin Rhoda, a cinyarta tana ɗaɗa mata duka.