Tarihin Hawan Manyan Tsaunuka

Ƙasar Gwarzo da Kabo, a yammacin Kano, shimfiɗaɗɗiya ce ta noma, duwatsunta 'yan tsiraru ne da makiyayi zai hau ya sauko kafin rana ta take. Duk da haka hawan dutse tsohon abu ne a ƙasar Hausa, kuma ba a yin sa sai da dalili. Tarihin Kano ya nuna a kan dutsen Dala Barbushe yake zaune, ba ya saukowa sai lokacin bikin bautar Tsumburbura. A Zazzau mutane sun zauna a gindin Kufena da Turunku saboda tsaro. Haka kuma a shekarun 1840 malaman da suka bijire wa harajin Kano a ƙarƙashin Malam Hamza duwatsun Ningi suka nufa, inda doki ba ya iya bin su. A yau tsaunin da mutumin Gwarzo ya fi hawa da gangan yana Makka, wato Jabalun Nur, mai tsawon kimanin mita 640, inda kogon Hira yake. Alhazai na hawansa don ƙauna, ko da yake malamai na tunatarwa cewa ba ya cikin ayyukan Hajji.

Hawan tsauni don a taka ƙololuwarsa kawai, a Turai ya samo asali. Ana fara lissafinsa daga 1786, lokacin da Michel Paccard da Jacques Balmat suka hau Mont Blanc, a iyakar Faransa da Italiya. A 1889 Bajamushe Hans Meyer da abokinsa Ludwig Purtscheller suka kai ƙololuwar Kilimanjaro, mita 5,895, mafi tsawo a Afirka. Daga nan hankali ya koma kan Everest, a iyakar Nepal da Tibet, wanda awon 2020 ya ba shi mita 8,848.86. George Mallory da Andrew Irvine sun ɓace a kansa a 1924, ba a ga gawar Mallory ba sai a 1999. Ranar 29 ga Mayu, 1953, Edmund Hillary ɗan New Zealand da Tenzing Norgay ɗan ƙabilar Sherpa suka kai ƙololuwa, suka kuma dawo da rai. Shekara hamsin cif bayan haka, a Mayun 2003, Sibusiso Vilane na Afirka ta Kudu ya zama baƙar fatan Afirka na farko da ya hau, Saray Khumalo kuwa ta zama mace ta farko cikinsu a 2019.

Abin da ke jan mutane ba ɓoyayye ba ne: gwada ƙarfin zuciya, neman suna, da ganin duniya daga inda gajimare ke ƙarƙashin ƙafa. Wannan buri ne na ɗan Adam da bai kamata a raina ba. Sai dai haɗarin da ke sama ya bambanta da wanda mutumin fili ya sani. Mu faɗuwa muke tsoro, alhali ƙarancin iska ma babban makashi ne a can. Daga wajen mita 2,500 jiki kan fara kokawa da ciwon kai da amai da rashin barci. In aka yi taurin kai aka ci gaba, ruwa na iya taruwa a huhu ko ƙwaƙwalwa ta kumbura, maganin da ya fi inganci kuwa shi ne a sauko nan take. Sama da mita 8,000, iskar oksijin da mutum ke samu a kowane numfashi kusan kashi ɗaya cikin uku ce ta wadda ake samu a bakin teku. Tunani kan rikice, sanyi ya cinye yatsu. Abin lura ga ɗan Najeriya shi ne, tsauni mafi tsawo a ƙasar, Chappal Waddi da ke gandun dajin Gashaka Gumti a Taraba, mita 2,419 ne. Ke nan babu inda mutum zai gwada jikinsa da ciwon ƙarancin iska a gida kafin ya tafi Kilimanjaro, kuma ƙarfin noma ko na ƙwallo ba ya kare kowa daga gare shi.

Tun daga shekarun 1990 Everest ya zama kasuwa. Mai kuɗi kan biya kamfani ya kai shi, izinin gwamnatin Nepal kaɗai ya kai dala 15,000 a 2025. A Mayun 1996 guguwa ɗaya ta kashe mutum 8. Amma nauyin haɗarin ya fi sauka a kan 'yan Sherpa, masu ɗaure igiyoyi da ɗaukar kaya, waɗanda ke ratsa wurare masu haɗari sau da yawa domin baƙon da zai ratsa sau kaɗan. Ranar 18 ga Afrilu, 2014, ƙanƙara ta zafto a mashigar Khumbu ta kashe ma'aikata 'yan Nepal 16, dukansu suna bakin neman abincin iyalansu. Tarihin da ke kiran sunan wanda ya kafa tuta ya manta da wanda ya ɗauko masa tanti bai yi adalci ba. Waɗanda suka rasu a kan Everest sun haura 300, kuma da yawa gawarwakinsu na can har yanzu.